An raba mana filin ƙwallon unguwa da jadawali, an kuma sa masa kwaɗo

Koci_Iro:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da magana mai cin rai, ina neman shawarar lauyoyinmu da waɗanda suka taɓa aikin ƙaramar hukuma. Ba zan kama sunan unguwa ba, a cikin Kano dai muke.

Akwai fili a bayan firamaren unguwarmu, shekara 19 ke nan ina horar da yara a cikinsa. Lokacin da muka fara, rabinsa bola ce, ɗaya rabin kuma da damina ta sauka sai kukan kwaɗi. Mu muka yi karo-karo, tifa ɗaya yau, ɗaya wata mai zuwa, muka cike shi da jar ƙasa. Mu muka kai wa mai walda ƙarfe ya haɗa mana turakun raga. Babu kansilan da ya taɓa kawo mana ko buhun siminti.

Ranar Talata maigadin makaranta ya miƙo mini takarda mai hatimi daga sakatariya, wai saboda yawan rigima an tsara jadawali. Safiya har a tashi ta makaranta ce, wannan ba mu da ja. Mu an ba mu Litinin da Laraba bayan la'asar. Talata da Alhamis an ba wata akadamin ƙwallo da ko shekara biyu ba ta yi da zuwa ba. Juma'a da yamma 'yan dambe. Asabar gaba ɗayanta ta haya ce, biki ko taro. Lahadi da safe tsofaffin 'yan wasa, da yamma wasan gasa, shi ma sai an biya naira 5,000. Ƙofa kuma an sa mata kwaɗo, makulli yana sakatariya.

Daga kwana shida mun koma kwana biyu, ga yara sama da 60 a hannuna, rukuni uku. Tambayata: ƙaramar hukuma tana da wannan ikon? In ma tana da shi, adalci ne a auna wanda ya cike rami da wanda ya zo ya tarar da fili a shafe da mudu ɗaya?

Dan_Gola:
Koci, kun kori kwaɗin ruwa, ga shi an kawo muku na ƙarfe. Allah ya kyauta.

Lauyan_Zaure:
Wa alaikumus salam Koci. Tambayarka ta farko tana da amsa, sai dai rabinta ba za ta yi maka daɗi ba.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Inda aka ayyana a matsayin birni, gwamna ne ke da iko kai tsaye. Ikon ƙaramar hukuma na ba da fili yana wajen birni ne. Saboda haka in a ƙwaryar Kano kuke, ciyaman ba shi da hurumin yanka filin nan ya sayar. Amma kula da fili da tsara yadda za a yi amfani da shi wata magana ce daban. Kundin tsarin mulki na 1999, a wurin da ya jera ayyukan ƙananan hukumomi, ya ambaci hanyoyi da magudanan ruwa da wuraren shaƙatawa da filayen jama'a, ya kuma sa su cikin harkar ilimin firamare. To ko ta wace ƙofa suka shigo, suna da abin kafa hujja.

Shekara 19 da jar ƙasar da kuka zuba ba su ba ku mallaka ba. Sun ba ku bakin magana ne kawai, kuma ba ƙaramin abu ba ne.

Inda zan so ka matsa shi ne kuɗin. Ka tambaye su wace dokar ƙaramar hukuma ce kansiloli suka zartar da ta sa wannan 5,000 ɗin, kuma rasit ɗin na baitulmali ne ko na buga-a-kasuwa. Wasiƙar shugaban sashe ba doka ba ce.

Baba_Mai_Carbi:
Yaro, ba jadawalin ne abin tsoro ba. Na ga irin wannan sau uku a rayuwata. Da farko a ce kuna rigima. Sai a sa katanga don tsaro. Sai a ce katangar tana buƙatar kuɗin gyara, bari a fitar da shaguna biyar ta bakin titi su riƙa ciyar da ita. Shekara uku ka dawo ka tarar da shago talatin, gola yana tsaye yana jingine da bayan shagon mai cajin waya. Ruwa ba ya tsami banza.

Kwankwason_Jimina:
Baba ya faɗi gaskiya. Filin Idi na Ƙofar Mata ma da girmansa ai shaguna aka zagaye shi da su a zamanin Ganduje, sai da gwamnatin Abba ta zo ta rushe su a watan Yunin 2023. In filin Idi bai tsira ba, ina ga filin Koci?

Sadauki_77:
Ka ƙarasa labarin mana. Bayan rusau ɗin ai kotun tarayya cewa ta yi a biya 'yan kasuwar diyyar naira biliyan 30. Kada ka kawo mana rabi ka ɓoye rabi.

Mai_Zaure:
Kwankwason_Jimina da Sadauki_77, don Allah a tsaya nan. Wancan lamarin gwamnatin jiha ne, wannan na ƙaramar hukuma ne. Duk wanda ya sake jawo mana jar hula da abokan hamayyarta zan goge. Mu koma kan filin Koci.

Maman_Hanif:
Malam Iro, ba ka kama suna ba amma na gane filin, ai bayan gidanmu ne. Ka yi haƙuri zan faɗi nawa ɓangaren, tunda duk masu magana maza ne kuma babu wanda katangarsa ke jikin raga.

Gilashin tagar ɗakina sau huɗu ana canza shi. Ranar da na shanya garin tuwo a tsakar gida ƙwallo ta faɗo tsakiyar tabarmar, ranar da taliya muka kwana. Da rani in kun fara gudu ƙura har cikin randa. Ga ashar da manyan yaran ke ɗurawa in an yi musu keta, 'ya'yana suna kwashewa. An kira magariba ana cewa saura ci ɗaya.

Duk da haka wallahi na fi son ƙwallonku sau goma a kan Asabar ɗin da aka ba masu biki. Ku kuna watsewa da duhu ya yi. Su kuwa DJ sai sha biyun dare, janareto a jikin katangata, ga samari suna fitsari a lungunmu. Kuma babu wanda ya ƙwanƙwasa mana ƙofa ya ce za a yi jadawali, me kuka gani. Mu da muke kwana da filin.

Koci_Iro:
Hajiya, Allah ya huci zuciyarki. Gilashi biyu na san da su kuma mun biya, sauran biyun ban ji labari ba. Maganar ashar kuwa kin yi gaskiya, zan tsawatar. Batun biki da kika taɓo shi ne ya fi ƙona mini rai. Masu kanofi in sun tashi ba sa zare turakun ƙarfen da suka kafa, sai su karya su a bar guntu a ƙasa. Watan jiya wani yarona ɗan shekara 12 ya taka ɗaya, ya tsaga masa tafin ƙafa tun daga dunduniya, sai da aka yi ɗinki aka yi allurar tetanus. Yanzu duk Litinin kafin mu taɓa ƙwallo sai mun jeru kafaɗa da kafaɗa mun tsince fili: ƙusa, murfin lemo, tsinken tsire, fasasshiyar kwalba. Minti ashirin ke tafiya a nan, cikin awa biyun da ke tsakanin la'asar da magariba.

Tsohon_Akawu:
Bari in shigo, na yi shekara 31 a ƙaramar hukuma kafin in yi ritaya, ba taku ba dai. Ba kare su zan yi ba, zan gaya muku yadda irin takardar nan ke fitowa.

Babu wanda ke tashi da safe ya ce bari in tsara filin ƙwallo. Sai an yi faɗa an fasa wa wani kai, 'yan sanda sun kira ciyaman, ciyaman ya kira shugaban sashen walwalar jama'a ya ce kafin Juma'a ina son in ji an kashe wutar nan. Shi kuma ya jawo fayil. To wa ke cikin fayil? Wanda ya taɓa rubuto wasiƙa da kan takardar ƙungiya da lambar rajista. Akadami tana da ita. Ƙungiyar dambe tana da ita. Tsofaffin 'yan wasa ai rabinsu ma'aikata ne, sun san hanya. Koci, tsakani da Allah, kulob ɗinka yana da rajista a sakatariya? In babu, kwana biyun ma albarkacin wani ka ci.

Ita kuwa Asabar, kuɗin shiga ne. Ƙaramar hukuma tana ganin kuɗin rumfar kasuwa da na tasha da na haya irin wannan a hannunta, ba sai ta jira kowa ba. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, amma hukunci daban, abin da ke isa sakatariya daban. Duk wanda ya ce maka za su saki Asabar cikin sauƙi bai san gidan ba.

Koci_Iro:
Baba Akawu, muna da rajista da hukumar ƙwallon ƙafa, da ita muke shiga gasa. Ta sakatariya ce ba mu da ita. Ban taɓa sanin ana yi ba.

Tsohon_Akawu:
To ka ga inda gizo ke saƙar.

DanGuramada:
Ina ta jira in ga ko za a ce mu ma baƙi ne. Koci, da girmanka, kafin a san ƙwallo a ƙasar Hausa ana dambe. Kakanninmu mahauta da kaka suke bin gari gari ana gwabzawa a dandali. Yau dandalin ya zama gidaje, a cikin birni in ba Dandalin Ado Bayero na Sabon Gari ba ina ɗan dambe zai je? Yaran unguwa masu tasowa ba za a sa su a can ba sai sun yi suna. Yamma ɗaya tak aka ba mu a sati. Kuma mu ba ma cin fili, da'ira ce kawai ta ɓangarorin dambe uku, Kudu su zauna nan, Arewa can, mu Guramada gefe, masu kalangu a tsakani. Ko kwatar filinku ba mu kai ba.

Dan_Gola:
Da'irar ba ta cin fili, amma yashin da kuke zubawa a tsakiya fa? Ranar Litinin in ƙwallo ta shiga wurin sai ta tsaya cak kamar an kira sunanta. Ga babura ɗari a cikin gidan gola.

DanGuramada:
Wannan gaskiya ne, ba zan musa ba. A nuna mana kusurwa ɗaya ta dindindin mu zuba yashinmu a can, ko da ƙwallo ake a gefe ba ruwanmu. Ba mu muka ce sai tsakiya ba.

Mai_Awo:
Maganar DanGuramada ta sa na ɗauko biro. Ni aikin safiyo nake. Cikakken filin ƙwallo irin na manyan wasanni mita 105 ne a tsaye, 68 a kwance, wato murabba'in mita 7,140. Yaro ɗan ƙasa da shekara 13 ba ya buƙatar wannan, wahala ce ma a gare shi. In aka raba filin a kwance gida uku, kowane yanki zai kai mita 35 da 68, ya ishi yara bakwai-bakwai su buga har su gaji. Kuskuren masu jadawalin shi ne sun raba kwanaki ba su raba ƙasa ba, sun ɗauka duk wanda ya shiga sai ya cinye filin duka. Koci, rukuninka uku za su iya yin atisaye a lokaci ɗaya, ko kai biyu wani ɗaya.

Sai dai in ƙara wa Baba_Mai_Carbi ƙarfi: wannan murabba'in mita 7,140 ɗin, in ka raba shi da fuloti mai ƙafa 50 da 100, fuloti 15 ne har da ɗoriya. Ku lissafa kuɗin fuloti ɗaya a unguwarku ku ninka. Akwai masu wucewa ta wurin kullum da wannan lissafin a ka.

Malama_Hadiza:
Na karanta jadawalin sau biyu ina neman inda aka rubuta mata, ban gani ba. Ni malamar motsa jiki ce a makarantar 'yan mata. Ɗalibaina na ƙwallon hannu a tsakar makaranta suke atisaye, tsakanin tankin ruwa da ofishin shugaba, in an tafi gasa ranar suke fara ganin cikakken fili. Ban da su, iyayenmu mata nawa likita ya ce su riƙa tattaki saboda hawan jini da ciwon suga? A titi za su yi, tsakanin 'yan adaidaita? Awa ɗaya bayan asuba, ƙofa a rufe, mace ce a bakin ƙofar, wa zai rasa wani abu?

Abu_Sumayya:
Malama, mata a filin ƙwallo kuma? Kada mu jawo abin da zai sa malamai su sa baki a rufe filin gaba ɗaya.

Malama_Hadiza:
Malam, tattaki na ce, da hijabinsu, a fili mai katanga, lokacin da ku kuna barcin safe. Ranar Asabar da ake cakuɗuwa maza da mata ana liƙi har tsakar dare a filin nan ban ji ka ce komai ba.

Maman_Hanif:
Malama, in aka samu wannan awar ni ce ta farko a layi. Ni zan riƙe ƙofar ma.

Dan_Maradi:
Gaisuwa daga Maraɗi. Mu nan abin da ya rage mana wannan rigima shi ne kokowa tana da gidanta. Tun da aka fara gasar kokowa ta ƙasar Nijar, wadda ake ba zakara takobi, a Tawa a 1975, wadda Kantu namu na Maraɗi ya ɗauka, ake zagayawa da ita jiha jiha, kowace babbar jiha da filin kokowarta. Saboda haka ɗan kokowa ba ya zuwa ya zuba yashi a filin 'yan balo. Amma a cikin kartiye, wato unguwa, matsalarmu ɗaya da ku: filin lakwal, wato makaranta, ne kowa ke rububi, fada-fada na samari kowace da ƙungiyarta. Da can wurin magajin gari ake zuwa, in ya ƙi ka, ka jira shi ranar zaɓe. Tun da sojoji suka rusa majalisun a 2024 suka naɗa nasu, sai dai ka bi ta wurin mai gari ko mai unguwa. Ku da kuke da kansila ku riƙe shi da kyau.

Kwankwason_Jimina:
Ɗan'uwa, kansilan da tun ranar rantsuwa ya canza layin waya?

Sulley_Nima:
Salamu alaikum daga Ankara ta ƙasar Gana. Ina so in ja kunnenku kan abu ɗaya, kada ku roƙi a gyara muku fili fiye da kima. A wani zango da na zauna, filin ƙasa ne, kowa da kowa, tun safe har dare. Aka zo aka shimfiɗa ciyawar roba, aka sa fitilu, muka yi murna har da kiɗa. Bayan wata biyu sai ga waya an kewaye, ga mai karɓar kuɗi, awa-awa ake biya. Yanzu ma'aikatan banki ke bugawa da dare, yaran zango suna leƙe ta waya. Mohammed Kudus da kuke gani a Turai, wanda ya buga wa Ajax da West Ham, a unguwar Nima ta nan Ankara ya tashi, a ƙasa mai ƙura ya koyi ƙwallo kafin makarantar ƙwallo ta Right to Dream ta ɗauke shi. Da a ce sai an biya ake shiga, ban san ko da mun ji sunansa ba.

Yaya_Abba:
Sulley ya taɓo inda nake so. Kowa a nan yana kare ƙungiyarsa, Koci da tasa, dambe da tasu, Malama da ɗalibanta. To 'yan seti fa? Yaran da ba su da koci, ba su da jesi, ba su da but, su ajiye silifas biyu su zama raga, uku-uku, a ci ka ka fita wani seti ya shigo. Almajirai ranar Alhamis da Juma'a da ba su da karatu. Waɗannan sun fi duk ƙungiyoyin yawa in aka haɗa, kuma babu mai rubuta musu wasiƙa. Da can suna raɓawa a bayan raga ko a gefen layi, babu mai korarsu. Yanzu da kwaɗo, ranar akadami maigadi zai ce ina katinka. Jiya na ga su a kan kwalta suna bugawa, in mota ta taho a ɗauke ƙwallo a tsaya. Koci, kai kwana huɗu ka rasa. Su sun rasa bakwai.

Koci_Iro:
Abba, wallahi ka sa jikina ya yi sanyi. Rabin yarana a cikin 'yan setin nan na tsinto su. Ina tsaye ina atisaye ido ɗaya yana bayan raga, in na ga mai ƙafar hagu mai kyau in kira shi in tambayi gidansu. Ban yi tunaninsu ba da na karɓi takardar, kaina kawai na duba.

Bature_Baƙi:
A Landan inda nake, kansul, wato ƙaramar hukuma, ce ke da yawancin filayen unguwa. Akwai wani wuri Hackney Marshes, filaye kusan 80 a jere, ranar Lahadi da safe kamar kasuwa. Ana biya, kuma ba arha ba. Amma ga bambancin: a kansul ɗin da nake kulob yana neman fili ne na kakar wasa guda tun kafin a fara, wanda ya yi amfani da shi bara kuma bai bar bashi ba shi ake fara ba, kuɗin a rubuce yake kowa na gani a intanet. Da bazara a cire raga a ba 'yan kurket. In ruwa ya jiƙa ƙasa su rufe ko ka biya, don kada a lalata ciyawa. Sannan gefen filin a buɗe yake, yaro ya zo da ƙwallonsa babu mai tambayarsa. Ba cewa nake a kwaikwaye su ba, amma batun fifita wanda ya daɗe ba son kai ba ne, har can ana yi.

Dan_Gola:
Filaye 80 a jere! Mu ɗaya ne, shi ma da akuyoyi muke rabawa.

Nazifi_Akadami:
Assalamu alaikum. Na daɗe ina karantawa, na ga gara in fito. Ni ne mai akadamin da ake magana. Koci, ranka ya daɗe, ban so maganar nan ta zo zaure ba, da gida ka kira ni da na zo da gudu.

Jama'a, akadamin ce ba ta kai shekara biyu ba, ni a filin nan na girma. Koci Iro ne ya saya mini but na farko a gwanjo, lamba 41 ina sa 38, na cusa takarda a gaba. Ba zan taɓa musun wahalarsa ba. Amma a faɗi nawa ni ma. Bara da ruwa ya yi kwazazzabo daga tsakiya har kwana, ni na ɗauko gireda da kuɗina. Ragar da ke jikin turakun yanzu tawa ce. Ban je sakatariya neman a kori kowa ba. Na je ne bayan faɗan da aka yi da yarana suka zo ƙarfe huɗu suka tarar an riga su, aka ce su jira, suka jira har magariba, kwana uku a jere. Iyaye suna biyan kuɗin wata, me zan ce musu? Na rubuta a ba ni lokaci sananne. Kwaɗo da kuɗin gasa da Asabar ɗin biki ba ni na roƙa ba, a takarda na gan su kamar kowa.

Koci_Iro:
Nazifi, ban san kana zauren nan ba. Gireda gaskiya ne, raga gaskiya ne. Abin da ya ɓata mini rai, da ka zo mun zauna da mun raba tsakaninmu babu hatimin kowa. Ka kai ƙara wurin waɗanda ba su san ko ina ragar take kallo ba, ga shi sun shigo sun ɗauke mana Asabar, ranar da yara ba su da boko, ranar da muke wasan sada zumunci.

Nazifi_Akadami:
Na zo sau biyu Koci, ka ce in bari sai bayan Kofin Ramat, gasar matasa da ake yi a Fabrairu. Fabrairu ta wuce ban ji kira ba. Amma na karɓi laifina.

Baba_Mai_Carbi:
To kun gani. Uba da ɗa suna jayayya a kan kwana, wani ya tafi da makulli.

Lauyan_Zaure:
Tunda ku biyun kuna nan, ga shawara kyauta. Kada ku je neman a soke jadawalin, ba za su soke ba, kuma gaskiya fili mai masu amfani shida ba zai zauna babu tsari ba. Ku je da takarda ɗaya mai sa hannun kowa, har 'yan dambe da hedimasta da maƙwabta irin su Hajiya, ta hannun mai unguwa zuwa dagaci, kwafi ga kansila. Ku nemi abin da Mai_Awo ya zana. Ku nemi a liƙa jadawalin da farashin a jikin ƙofa. Ku nemi kaso sananne daga kuɗin Asabar ya dawo gyaran fili, mai biki kuma ya ajiye kuɗin ajiya da ba za a mayar masa ba sai an duba ya zare ƙarafunansa. Abu mafi muhimmanci, ku nemi amsa a rubuce: filin nan a cikin taswirar makaranta yake ko a waje? In na makaranta ne, kwamitin iyaye da malamai da hukumar ilimi suna da ta cewa, yanka shi ya fi wuya. In babu wanda ya san matsayinsa, wannan ne haɗarin da Baba ke faɗa.

Alhaji_Na_Kara:
Ku kuna ta lissafin Litinin da Talata. Sati biyu kafin Babbar Sallah ina za mu ɗaure raguna? Shekara da shekaru a nan muke saukewa. Da azumi ina ake tafsirin dare? Ranar Idi fa? In siyasa ta kaɗa, ɗan takara ya ce yau zai yi taro, wane maigadi ne zai nuna masa jadawali? Takardar nan ta watanni takwas ce, sauran huɗun mai ƙarfi ne zai shiga.

Dan_Gola:
Alhaji, ragunanku ma ai suna barin mana taki, ciyawa ta fi fitowa a inda kuka ɗaure. Turakun ne dai ku riƙa tafiya da su.

Abu_Sumayya:
Sallar Idi ba ta shiga wannan lissafin, safiya biyu ce a shekara, babu mai jayayya da ita.

Tsohon_Akawu:
Lauya, shawararka ta yi, sai dai batun kaso daga kuɗin Asabar kada su sa rai. Kuɗin da ya shiga baitulmali ba ya fitowa da sunan fili. In suna so ya yi aiki, kwamitin unguwa ne zai karɓi na shara da gyara daban a hannun mai biki, hukuma ta karɓi nata. Na ga inda aka yi haka ya ɗore, na kuma ga inda ma'ajin kwamitin ya yi aure da kuɗin.

Koci_Iro:
'Yan zaure, ga inda aka kwana. Daren jiya bayan isha'i mun zauna a zauren mai unguwa: ni, Nazifi, mutum biyu daga 'yan dambe, hedimasta, limamin masallacinmu, da maigidan Hajiya Maman Hanif. Kansila ya ce yana hanya, har muka tashi bai iso ba.

Ni da Nazifi mun daidaita, Litinin zuwa Alhamis za mu shiga tare, shi yanki ɗaya ni ɗaya, na ukun a bar wa 'yan seti babu mai tambayarsu kati. Manyan yara masu buƙatar cikakken fili mu riƙa karɓa-karɓa. 'Yan dambe sun karɓi kusurwar gabas. Maganar Malama Hadiza liman ya ce ba shi da ja in dai an tashi kafin 'yan makaranta su fara shigowa, hedimasta ya ce sai ya tambayi na sama da shi. Da aka zo batun taswira, hedimasta ya ce shi tun da aka kawo shi bai taɓa ganin takardar filin makarantar ba.

Asabar da makulli ba a taɓa su ba, don babu mai ikonsu a zauren. Mai unguwa ya ce zai kai wa dagaci ranar Alhamis.

Yaya_Abba:
Yankin 'yan seti ya yi daɗi. Amma in makulli yana sakatariya, ma'aikaci ya tashi ƙarfe huɗu ya tafi gida da shi a aljihu, wa zai buɗe musu?

Nazifi_Akadami:
Jiya ma sai biyar saura aka kawo shi, a kan babur. Yara suna zaune a jikin katanga.

Baba_Mai_Carbi:
Ku nemo takardar filin nan kafin ku nemi makulli.

Maman_Hanif:
Malam Iro, maigidan ya ba ni labarin zaman. Kafin Alhamis ɗin a turo yaro ya karɓi ƙwallayenku guda biyu da ke bayan randata tun kafin azumi. Ɗaya an rubuta akadami a jiki, saboda haka Nazifi kai ma gilashi ɗaya naka ne.